Baƙt: Sulhun da Musulmi Suka Riƙe da Nubawa Shekara Ɗari Shida

A shekarar 1972 wasu masu tonon kayan tarihi suna aiki a Ƙasr Ibrim, wani tsohon birni da ke bisa dutse a gaɓar Kogin Nilu, can ƙarshen kudancin Masar, sai suka ci karo da wata doguwar takarda a nannaɗe. Irin takardar nan ce ta mutanen Masar na da, wadda ake yi da wata ciyawar bakin kogi. Da yake ƙasar ba ta san ruwan sama ba, takardar ta kwashe fiye da shekara 1200 a binne ba ta ruɓe ba. Da aka warware ta sai ga rubutun Larabci raɗau, har da kwanan wata: Rajab na shekara ta 141 bayan Hijira, wato 758 Miladiyya. Wasiƙa ce daga Musa bin Ka'ab, gwamnan Masar a zamanin Abbasiyawa, zuwa ga sarkin Nuba, wanda Kirista ne.

Kuka gwamnan ya kai. Ya ce bayin da ake aiko musu, daga mai ido ɗaya sai gurgu, sai tsoho tukuf, sai ƙaramin yaro. Bayin Musulmi da ke tserewa zuwa Nuba ba a maido su. Fataken Musulmi in sun shiga ƙasar ana tsare su, ana taɓa dukiyarsu, alhali fataken Nuba suna yawonsu a Masar ba mai ce musu kanzil. Ya tuna wa sarkin ayoyin Alƙur'ani da ke umarni da cika alƙawari, ya kuma shaida masa cewa an sa alƙali ya duba lamarin. Mai karatu ya lura da wanda ke magana. Daula ce da ta kifar da Umayyawa shekara takwas kacal kafin nan, ikonta ya kama daga Masar har Khurasan, ga ta da saɓani da ƙaramin maƙwabci, amma abin da ta fara zarowa alƙalami ne. Yarjejeniyar da gwamnan ke kafa hujja da ita ta riga ta shekara 106 a lokacin, kuma da sauran fiye da shekara 500 a gabanta. Sunanta Baƙt.

Ƙasar Nuba ta faro ne daga Aswan, ta bi Nilu kudu har ta wuce inda birnin Khartum yake a yau. Masarautu uku aka sani a cikinta: Nobatiya a arewa, fadarta a Faras, Maƙurra a tsakiya, fadarta a Dungula, sai Alwa a kudu, fadarta a Soba. Kiristanci ya shige su tsakanin 543 da 580, kafin aiko Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam. Baƙar fata ne, manoman bakin kogi, masu shanu da dawaki. Amma abin da duniya ta san su da shi tun zamanin Fir'aunoni shi ne harbi, har mutanen Masar na da suna kiran ƙasarsu ƙasar baka.

Amru bin Asi ya gama da Rumawa a Masar tsakanin 639 da 642. Shekarun nan babu abin da ke tsayawa a gaban rundunar Musulmi: Sham ta faɗi, Iraƙi ta faɗi, daular Farisa na cikin gargara. To da aka juya kudu sai aka tarar da wani abu dabam. Al-Balazuri, a littafinsa Futuhul Buldan, ya kawo labarin wani dattijo da ya halarci karon, wanda ya ce kafin su kai ga zare takobi 'yan bakan Nuba sun riga sun yi musu ruwan kibau, kuma ido suke nema, har aka ƙirga idanu 150 da suka tsiyaye. Daga nan Larabawa suka laƙaba musu suna rumatul hadaƙ, maharban ƙwayar ido. Runduna ta komo ba ganimar kirki, ga makafi.

Bayan shekara goma aka sake gwadawa. Wannan karon halifa Sayyidina Usman ne, gwamnan Masar kuwa ɗan'uwansa na shan nono, Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarhi. Mutumin nan ya san darajar amana a jikinsa, don ranar da aka buɗe Makka yana cikin waɗanda aka ba da umarnin kashewa, Usman ne ya nema masa aminci wurin Manzon Allah har aka ba shi. Jarumi ne, ya riga ya ci Rumawa a ƙasar da ake kira Tunusiya yanzu. A shekara ta 31 bayan Hijira, wato 652, ya kai har ganuwar Dungula, ya kafa manjaniƙ, wata babbar majaujawa mai jifa da duwatsu, ya ruguza wani ɓangare na cocin birnin. Nubawa ba su taɓa ganin irinta ba, ta kuwa razana su. Su ma kibansu ba su huta ba, a wannan yaƙin ne Mu'awiya bin Hudaij, ɗaya daga manyan kwamandojin Masar, ya rasa idonsa. Birni bai faɗi ba, runduna ba ta watse ba. Sarki Ƙalidurut da Ibn Abi Sarhi suka zauna aka yi sulhu.

Kalmar baƙt kanta ba Larabci ba ce. Daga harshen Girkawa da na Rumawa ta fito, inda take nufin yarjejeniya, abin da ke nuna cewa Nubawa sun saba irin wannan ƙulli da masu mulkin Masar tun kafin zuwan Musulunci. Cikakken nassin da ya iso mana al-Maƙrizi ne ya rubuta shi, shi kuwa ya rasu a 1442, kusan shekara 800 bayan aukuwar abin, don haka masana na ganin an yi masa ƙari a hanya, musamman inda ya fito da Nubawa kamar waɗanda aka ci da yaƙi. Duk da haka ƙashin bayansa ya dace da wasiƙar 758. Ba za a kai wa juna hari ba. Mutumin kowane ɓangare zai shiga ƙasar ɗayan a matsayin mai wucewa, ba mai zama ba, kuma a kare shi har ya fita. Bawan da ya gudu a maido shi. Nubawa za su kawo bayi 360 kowace shekara, masu lafiya, wasu ruwayoyin sun ƙara 40 na gwamna. A nassin al-Maƙrizi har da sharaɗin su kula da wani masallaci a bayan garin Dungula, su share shi, su kunna masa fitila, kada su hana kowa salla. Daga Masar kuma ana aika musu alkama da sha'ir da wani ɗan wake da ake kira adas, da tufafi da dawaki. A wani wuri da ake kira al-Ƙasr, kudu kaɗan da Aswan, ake haɗuwa a yi musayar.

Babu jizya a ciki. Babu gwamnan Musulmi a Dungula, babu sojan Musulmi a ƙasar, ba a taɓa coci ko sarauta ba. An ma fito fili an ce ba wajibi ba ne Musulmi su kare Nuba in wani ya kawo mata hari, wanda da a ce 'yan amana ne a ƙarƙashin daular da kariyarsu ta zama dole. Ƙasa biyu ne, kowace da sarkinta da addininta, suka yarda su zauna.

Wanda ya san Sira ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sahabban da suka yi wannan sulhu sun ga Hudaibiyya da idonsu ko sun ji daga bakin waɗanda suka gani. A shekara ta 6 bayan Hijira Annabi (SAW) ya yarda da ajiye makami na shekara goma da Ƙuraishawa a kan sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai ɗaci, har da maido duk wanda ya gudo Madina daga Makka. Tawada ba ta bushe ba Abu Jandal ya iso yana jan mari a ƙafa, Musulmi ne, ɗan wakilin Ƙuraishawan ne kuma, aka mayar da shi ana ji ana gani. A Suratul Anfal an umarci Annabi da ya karkata ga sulhu in abokan gaba sun karkata. A cikinta aka ce in ana tsoron ha'incin waɗanda aka yi alƙawari da su, a sanar da su a fili cewa an warware, kada a auka musu suna sakankance. A cikinta kuma aka ce ko Musulmi ne suka nemi agaji, ba a agaza musu a kan mutanen da ke da alƙawari da daular. Suratut Tauba, wadda ta fi kowace kaushi kan mushirikai, ita ma ta keɓe waɗanda ba su tauye alƙawari ba, ta ce a cika musu har wa'adinsu. Ga kuma Habasha, ƙasar Kiristoci da ta ba masu hijira mafaka, wadda aka ruwaito umarnin a ƙyale ta muddin ta ƙyale Musulmi.

Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo wani labari da ke nuna yadda mutanen farko suka ɗauki abin da nauyi. Mu'awiya bin Abi Sufyan yana da sulhu da Rumawa, sai ya fara matsawa da runduna kusa da iyaka, da nufin ranar da wa'adi ya cika ya faɗa musu. A ido bai karya komai ba. Sai ga wani mahayi ya sheƙo yana kabbara, yana kiran a cika alƙawari kada a yi yaudara. Sahabi ne, Amru bin Abasa. Ya faɗa masa abin da ya ji daga Annabi, Mu'awiya ya juya da mutanensa. Dabarar da 'yan siyasar kowane zamani za su kira wayo, shi ya kira ta ha'inci, kuma aka saurare shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin malaman fiƙihu, da suka zo tsara babin da ake kira siyar, wato hukuncin hulɗa da sauran ƙasashe, wanda Muhammadu ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya fi kowa faɗaɗa shi. Sun raba duniya gida biyu, ƙasar Musulunci da ƙasar yaƙi. To Nuba fa? Ba a yi mata mulki, ba a kuma yaƙi da ita. Imam Shafi'i ya tafi a kan cewa ajiye makami ba ya wuce shekara goma, yana kafa hujja da Hudaibiyya, kuma a Masar ya rasu a 820, lokacin da sulhun da ke kudancin ƙasar ya doshi shekara 170. Malikawa sun bar tsawon wa'adi a hannun shugaba gwargwadon maslaha, kamar yadda duk almajirin da ya kai Muhtasar a zaure ya karanta a babin jihadi. Daga baya sai ga malamai irin su al-Mawardi suna maganar gida na uku, ƙasar alƙawari. Rayuwa ce ta riga littafi, littafi ya biyo ta.

Babban muftin Masar na farkon ƙarni na biyu bayan Hijira, Yazidu bin Abi Habib, cewa ya yi abin da ke tsakanin Musulmi da Nubawa ajiye makami ne da musayar kaya, alkama da adas daga nan, bayi daga can. Maganar tana da nauyi in aka san mai yin ta. Mahaifinsa Banube ne daga Dungula, a bawa ya zo Masar, ɗan kuma ya tashi ya zama malamin da Halifa Umar bin Abdul'aziz ya sa cikin masu ba da fatawa, ya koyar da Laisu bin Sa'ad. Al-Maƙrizi ya kawo saɓanin da ya biyo baya, kuma mu da muke bin mazhabar Malik ya kamata mu san shi. Imam Malik yana ganin ƙasar Nuba har iyakar Alwa ƙasar sulhu ce, saboda haka bai halatta a sayi mutanenta a matsayin bayi ba. Malaman Masar suka saɓa masa, har da wasu almajiransa, Laisu ya ce su suka fi Malik sanin Nuba. A wajen sanin ƙasa wataƙila Laisu ya yi gaskiya, yana kusa, Malik na Madina. Amma ni a ganina Malik ya fi hango abin da sulhu ke nufi: in ka ce wa mutum ya kwanta lafiya, bai kamata gobe a ga ɗansa a kasuwarka ana tayawa ba. Haka ya yi da aka tambaye shi game da tsibirin Ƙubrus, wanda ke biyan haraji ga Musulmi da Rumawa gaba ɗaya, lokacin da wani gwamnan Abbasiyawa ya so warware alƙawarinsu bisa zargin ha'inci. Malik yana cikin waɗanda suka ce kada a yi gaggawa, sai hujja ta tabbata.

Maganar bayin nan ba ta wucewa a gurguje. Zaman lafiyar Aswan da Dungula wasu ne suka biya kuɗinsa da wuyansu. Sarakunan Nuba daga maƙwabtansu suke kamo mutanen, waɗanda ba su da wakili a wurin sulhu, ba wanda ya tambaye su. Cinikin bayi ruwan dare ne a duniyar wancan lokaci, Kirista na yi, Musulmi na yi, kuma a wannan yarjejeniya Kirista ne mai kamowa, Musulmi mai karɓa. Wannan bai wanke kowa ba. Duk mai son ya ɗaga Baƙt ya nuna wa duniya a matsayin abin alfahari, to ya ɗaga shi da tabonsa. Al-Balazuri ya ce a zamanin Halifa Mahdi an tabbatar da adadin 360 ɗin, aka ƙara da raƙumin dawa guda ɗaya, mutane da dabba a layi ɗaya na lissafi.

Shekara ɗari shida ba ta tafi sumul ba, maƙwabtaka ce irin ta harshe da haƙori. Tarihin cocin Ƙibɗawa ya ce wajen 748 wani gwamnan Umayyawa ya kulle babban limamin Kiristocin Masar saboda kuɗi, Sarki Kiriyakos na Nuba ya taso da runduna ya shigo Masar, aka saki limamin ya koma. Bayan shekara biyu kuma, da daular Umayyawa ta faɗi, 'ya'yan halifansu na ƙarshe, Marwan, Nuba suka gudu. Marubutan Musulmi sun daɗe suna juya labarin ganawar ɗayansu da sarkin Nuba: wai sarkin ya ƙi hawa shimfiɗa ya zauna a ƙasa don ƙanƙan da kai ga Allah, ya tambayi baƙon me ya sa suke shan giya da sa alhariri da tattake gonakin talakawa alhali littafinsu ya hana, sannan ya ce masa baƙunci kwana uku ne, ya yi gaba kada azabar da ke bin su ta same shi a ƙasarsa. Ko an yi haka ko ƙawata zance ne, abin lura shi ne Musulmi ne suka sa wannan wa'azi a bakin sarkin Kirista baƙar fata, ba su ga aibin hakan ba.

Al-Mas'udi ya kawo wata shari'a da ta fi wannan armashi. Musulmin Aswan sun sayi gonaki a arewacin Nuba daga hannun Nubawa. Da Halifa Ma'amun ya zo Masar a 832, sarkin Nuba ya aika masa ƙara, ya ce masu sayarwar bayinsa ne, ƙasar tasa ce, ciniki bai yiwu ba. Halifa bai yanke da kansa ba, ya tura maganar gaban alƙalin Aswan da malamanta. Masu saye suka yi dabara, suka koya wa masu sayarwa abin da za su faɗa: mu talakawan sarkinmu ne kamar yadda kuke talakawan halifanku, ba bayi ba ne. Da suka faɗi haka a gaban alƙali ciniki ya tabbata, sarki ya sha ƙasa. An yi masa wayo, babu musu. Sai dai sarki ne mai cikakken iko ya kai ƙara kotun wata ƙasa, aka saurare shi, aka yanke, ya haƙura, ba wanda ya ɗaura sirdi.

Babbar jarrabawar ta zo a zamanin Halifa Mu'utasim. Rikicin gadon sarauta tsakanin Amin da Ma'amun da tawayen da ya biyo baya a Masar sun sa an daina kawo Baƙt, har bashin shekara 14 ya taru. Halifa ya aiko a biya. In aka lissafa, bayi ne fiye da 5,000, abin da Sarki Zakariyya na Nuba ba shi da hanyar samu. Ana cewa ɗansa Jurjis ya so a yi fito-na-fito, uban ya ce ya fara zuwa ya ga ƙarfin mutanen da idonsa. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ga ɗan sarki an tura shi neman zaman lafiya. Ya bi Nilu zuwa Fusɗaɗ, ya ratsa Sham, ya isa Iraƙi a 836, yana tafe da gicciye a fili, Kiristocin garuruwan da ya ratsa suna fitowa kallon yariman Kiristan da ba ya biyan jizya ga kowa. Ya ga rundunar halifa, jikinsa ya yi sanyi. Halifa kuma ya karɓe shi da girma, ya yafe bashin gaba ɗaya, ya mayar da biyan sau ɗaya a shekara uku, ya saki Nubawan da ke tsare. Bai ba shi duk abin da ya roƙa ba, ya ƙi janye sojansa da ke al-Ƙasr. Al-Maƙrizi ya ƙara wani abu mai ban dariya: da aka buɗe littafin lissafi sai aka tarar abin da Masar ke aikawa ya fi abin da take karɓa daraja, kuma har da giya a cikin kayan. Mu'utasim ya soke giyar, ya bar hatsi da tufafi. Wanda ke kiran Baƙt harajin da aka ɗora wa Nuba sai ya bayyana mana wane irin haraji ne mai karɓarsa ke faɗuwa.

An sake gwabzawa a tsakiyar ƙarni na goma, Nubawa suka kai wa Aswan hari a 956, Masar ta rama a shekarar da ta biyo ta kama Ibrim. Ƙura ta lafa, aka koma kan tsohon alƙawari. Da Faɗimiyyawa suka karɓi Masar a 969, kwamandansu Jauhar ya aika wani mutumin Aswan, Ibn Sulaim, da wasiƙa zuwa Dungula, yana neman a ci gaba da Baƙt, yana kuma kiran sarki zuwa Musulunci. Sarki ya tara malaman coci aka yi muƙabala, shi ma ya kira jakadan zuwa Kiristanci, kowa ya tsaya a kan nasa, ba a ɓata ba. Babbar Salla ta riski Ibn Sulaim a can. Ya nemi izini, ya fita bayan gari da Musulmi kimanin 60, da ganguna da kakaki, suka yi Idi. Wasu fadawa suka so a hana, sarki ya kwaɓe su, ya ce mutum ne ya bar gida da iyali, ranar idinsa ta zo, a bar shi. Ibn Sulaim ya rubuta littafi a kan Nuba da Alwa da Beja da Nilu, kuma guntayen da suka tsira daga cikinsa suna cikin mafi kyawun abin da aka sani game da ƙasar. A Soba ma ya tarar da unguwar Musulmi. Sharaɗin mai wucewa ba mai zama ba ya daɗe da zama tsohon zance, fatake sun zauna, sun yi aure, sun haifa.

Shekara 200 na Faɗimiyyawa su ne lokacin da dangantakar ta fi daɗi. Sojojin baƙar fata sun cika rundunarsu. Da ɗan tawaye Abu Rakwa ya gudu Nuba a zamanin Halifa al-Hakim, an kama shi an miƙa, kuma shugaban Larabawan Rabi'a na Aswan da ya yi aikin ya samu laƙabin Kanzud Daula, sunan da zuriyarsa ta riƙe. Cocin Nuba kuwa a Masar ake naɗa masa manyan limamai, wato kullum sai an bi ta ƙasar Musulmi. Hotunan bango da Turawan Folan suka tono a cocin Faras a farkon shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya haɗiye garin, yawancinsu na waɗannan ƙarnoni ne. Mutanen da ke cikin tsoro ba su zama su yi irin wannan zane.

Daga Salahuddin abubuwa suka fara sauyawa. Nubawa sun kasance abokan gidan da ya tumɓuke, ga yaƙin 'yan Salibiyya ya sa ana yi wa kowane sarkin Kirista kallon tuhuma. A 1173 ɗan'uwansa Turan Shah ya kama Ƙasr Ibrim, ya aika a duba masa Dungula, aka ce masa ƙasar ba ta da arzikin da zai biya wahala, ya bar ta. Shekara ɗari bayan haka Sarki Dawuda na Nuba ya ɗebo da zafi. A 1272 ya auka wa Aizab, tashar jirgin ruwa a Bahar Maliya inda alhazai ke tsallakawa zuwa Jidda, daga baya ya taɓa Aswan. Mai mulkin Masar a lokacin Baibars ne na Mamalik, mutumin da ya kara da Mongol da 'yan Salibiyya, ba kanwar lasa ba. Wani ɗan gidan sarautar Nuba, Shakanda, ya je Alƙahira neman a taimake shi ya karɓi gadon sarauta. A 1276 rundunar Mamalik ta ci Dungula, ta ɗora Shakanda a matsayin wakilin sarkin Masar, ta sa wa Nubawa jizya. Abin da Ibn Abi Sarhi bai samu ba Baibars ya samu bayan shekara 624, kuma da hannun 'yan gida. Sunan Baƙt ya ci gaba da fitowa a takardu, amma ruhinsa ya fita ranar nan, tunda babu sauran ƙasa biyu masu magana da juna.

A nan sai a raba laifi yadda ya kamata. Dawuda ne ya fara karya alƙawari, kuma a kan hanyar alhazai, don haka ko a ma'aunin fiƙihu Baibars na da hujjar ramawa. Sai dai magabatansa sun sha ramawa su koma kan sulhu, shi kuwa ya zaɓi mallaka, kuma mallakar ba ta haifar wa Masar komai ba sai jigilar runduna, yau a ɗora wannan, gobe a tumɓuke shi, a sake tasowa daga Alƙahira.

Musulunci kuwa ta wata ƙofa ya riga ya shiga. Ibn Khaldun ya bayyana yadda aka yi: ƙabilun Larabawa irin su Juhaina sun gangaro kudu, sarakunan Nuba suka ba su 'ya'ya mata, su kuwa Nubawa ɗan 'yar'uwa ke gadon sarauta, sai aka wayi gari jikokin Larabawa ne magada. Ya ce jizya ta faɗi da kanta da mutanen suka musulunta. Ba dare ɗaya abin ya faru ba, wata ƙaramar masarautar Kirista ta ci gaba a arewacin Nuba har ƙarshen ƙarni na 15, Alwa ma ta kai wajen lokacin, kafin Funj su kafa Sannar a 1504.

A tsohuwar Dungula, wadda yanzu kufai ce a gabashin Nilu cikin ƙasar Sudan, akwai wani gini mai bene, mai kaurin bango, da aka yi tun wajen ƙarni na tara, wanda masana suka daɗe suna ɗauka zauren sarautar Maƙurra ne. A cikinsa akwai allon dutse da ke cewa Saifuddin Abdullahi Barshambu, ɗan gidan sarautar Nuba da ya musulunta, ya mayar da shi masallaci a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 717, wato 1317. An ci gaba da salla a cikinsa har 1969, kuma yana nan tsaye.